Kwalbar da Ake Miƙowa Daga Zaurena

Na daɗe ina jinkirin rubuta wannan magana. Sau da yawa nakan ɗauko biro bayan na dawo daga kasuwa, in zauna a zaure in rubuta layi biyu, sai in yage takardar. Karatuna na boko bai wuce firamare ba, abin da zan yi magana a kansa kuwa aikin masu ilimi ne, masu kwalabe da na'urori. Ina tsoron in faɗi abin da ba haka yake ba, in ɗauki alhakin wani. Ina kuma tsoron in yi shiru, in ɗauki alhakin unguwa guda. Tsoro na biyun ne ya rinjayi na farko. Ba zan kama sunan kowa ba, har da nawa, kuma duk inda na ce ina zato, to zato ne, kada a ɗauke shi a matsayin shaida.

Sana'ata awon hatsi ce. Tun ina saurayi nake riƙe da tiya, ina auna gero da dawa da wake. Duk wanda ya daɗe a wannan sana'a, zargi yakan zama masa ɗabi'a. Na ga tiyar da aka bubbuge gindinta ya shige ciki. Na ga buhun da aka zuba tsaba mai kyau a bakinsa, tsakiya kuwa ƙaiƙayi da tsakuwa. Shi ya sa duk inda na ji an ce an auna, kafin in tambayi abin da aka samu sai na tambayi da me aka auna, kuma wa ya riƙe ma'aunin. Mai ɗakina takan ce ko zamzam aka kawo mani tsaraba sai na ɗaga shi sama na duba. Ba ta yi mani ƙarya ba.

Gidana yana cikin wani lungu a Ƙofar Kaura. Bututun da yake kawo mana ruwan famfo tsoho ne, na tarar da shi a unguwar. Da can a binne yake, amma ruwan damina ya yi ta zaizaye lungun, aka zo aka faɗaɗa kwata, sai ya zamana bututun yana kwance a cikin kwatar tun daga bakin titi har ƙarshen lungu. Ya tsattsage a wurare da dama, an ɗaɗɗaure shi da tsohuwar robar tayar babur. Idan an kawo ruwa sai ka ga yana tsartuwa a cikin baƙin ruwan kwata. Idan an ɗauke ba ka ganin komai, kuma a nan ne hankalina ya fi tashi, domin tsagar da ruwa yake fita ta cikinta, ban ga abin da zai hana wani ruwan shiga ta nan ba. Ruwan da yake fara zuwa famfunanmu ja-ja ne, yana da wari. Sai an bar shi ya zuba sosai yake ɗan washewa.

Mu a gidana mun daɗe da daina shan sa. Wanki da wanke-wanke muke yi da shi, na sha kuwa muna saye a wurin 'yan ga-ruwa masu ɗebowa daga burtsatse. Amma ba kowa yake da halin haka ba. Akwai wata tsohuwa da katangarmu ɗaya, muna ce mata Iya, tana riƙe da jikokinta marayu, da sayar da ƙuli-ƙuli take ciyar da su. Ruwan famfon nan suke sha. Da wuya wata ya fito ya mutu ba a kai ɗaya daga cikinsu kemis da ciwon ciki ba. Gidaje irin nata suna da yawa a lungunmu. Abin da kowa yake fata shi ne a zo a fitar da bututun nan daga kwata a sa sabo.

Wata Juma'a da hantsi, ban fita kasuwa ba, sai ga mai unguwarmu ya yi sallama tare da wasu mutum biyu. Ɗaya dattijo ne mai furfura a gemu, riƙe da wata 'yar kula irin ta zuba ƙanƙara. Ɗayan yana riƙe da gwangwanin fenti. Muna cikin gaisawa, ina tambayar gida da iyali da gajiya, sai na ga mai fentin ya juya ya zana shuɗin da'ira a jikin bangon zaurena. Ni dai alamar da na sani ana yi wa bango ta rusau ce.

Mai unguwa ya ga fuskata, ya yi dariya. Ya ce, "Malam, kwantar da hankalinka, ba titi za a fitar ta ɗakinka ba. Mutanen ruwa ne. Gidanka aka zaɓa."

Na ce, "Ranka ya daɗe, aka zaɓa a yi mani me?"

Dattijon mai kula shi ya yi mani bayani, a hankali kuma cikin mutunci, ba zan hana shi wannan ba. Ya ce ana so a riƙa sanin yadda ruwa yake isa kowace unguwa, yana zuwa ko ba ya zuwa, mai kyau ne ko marar kyau. Ba za a iya bin kowane gida ba, don haka a kowace unguwa an zaɓi famfo guda ya tsaya a madadin sauran. Za su riƙa zuwa lokaci-lokaci su ɗebi ruwa a kwalba su kai a auna. Daga nan sai a jera unguwannin, a ga wadda take gaba da wadda take baya, don a san inda za a fara gyara.

Na ce, "Me ya sa nawa?"

Mai unguwa ya ce, "Ni na ba da kai. Na ce masu duk unguwar nan babu mai tsoron Allah a kan awo kamarka."

Na yi godiya, amma maganar ta kwana tana damuna. Famfo guda ya tsaya a madadin unguwa, kamar hannu guda da ake cusawa a buhu ke nan. Da na shiga ciki na ce wa mai ɗakina, "Masu awon ruwa za su riƙa zuwa. In sun zo ba na nan, a ba su ruwa." Iyakar abin da na faɗa mata ke nan. Ta ce to.

Suna zuwa da hantsi ne, lokacin ina kasuwa. Saboda haka damina ta wuce, rani ya shigo, ban taɓa ganin zuwansu ba. In na dawo sai ta ce mani, "Mutanenka sun zo." In ce, "An ba su?" Ta ce, "An ba su." A raina ina murna, ina cewa yanzu dai masu ilimi sun ga abin da muke sha da idonsu, gyara ya kusa.

Sai wata rana bayan La'asar muna zaune a dakalin masallaci, mai unguwa ya dawo daga wani taro da aka kira su, fuskarsa cike da fara'a. Ya ce an karanta masu jerin unguwanni, tamu tana sahun gaba. Ruwanmu ba ya yankewa, kuma tsabtarsa ta yi daidai da ta GRA. Har tafa masa aka yi. Ya ƙara da cewa an kawo sababbin bututai, za a fara sa wa unguwannin da suka zo baya.

Wani tela da ke cikinmu ya ce, "Mu fa?"

Mai unguwa ya ce, "Mu ai ba mu cikin masu matsala."

Daga inda muke zaune muna hango bututun yana tsartuwa a cikin kwata. Sai telan ya juyo gare ni ya ce, "Malam, halan famfonka daga Makka aka jawo shi? Ka taimaka ka buɗe mana ƙofa mu riƙa ɗiba, mu ma mu sha irin na GRA."

Aka yi dariya. Ni ban yi ba. Washegari da safe zan fita, na tarar da Iya a ƙofar gidanta tana tace ruwa da tsohon ɗankwali. Bayan mun gaisa ta ce, "Ɗan nan, an ce a gidanka aka shaida ruwanmu lafiya lau ne." Ta ɗaga ɗankwalin ta nuna mani abin da ya rage a kansa. Ranar na yi kuskuren awo a kasuwa har sai da mai saye ya ce mani, "Malam, lafiya?"

Daga nan na shiga zargi, kuma babu wanda na bari. Na fara da mutumin da yake zuwa da dogon ƙarfe yana buɗe ruwa a bakin titi. Na ce ƙila ana gaya masa ranar zuwan masu awo, ya saki ruwa tun da sassafe ya wanke bututun. Na yi ta lura da shi, har ya fara kauce mani in ya hango ni. Amma na ga akwai ranar da aka ce mani sun zo, alhali famfunan lungun a bushe suka wuni. Na koma kan dattijon mai kwalba. Na ce ƙila in ya sha kwana yakan zubar da namu ya cika da ruwan leda. Na zargi waɗanda suke aunawa a can inda ban sani ba, ko suna duba kwalbar ma. Na zargi mai unguwa, don na ga yadda tafin nan ya yi masa daɗi. Har wani Alhaji da yake da burtsatse a bakin lungunmu, wanda 'yan ga-ruwa suke saye a wurinsa, shi ma na sa shi a ciki, na ce ai gyaran famfo ba zai yi masa daɗi ba. Bayan kowane zargi sai in yi istigfari, sannan in koma in ci gaba daga inda na tsaya.

Na yanke shawarar sai na gani da idona. Matsalar ita ce ba su faɗin ranar zuwansu. Sai na riƙa jinkirta fita kasuwa, in shimfiɗa tabarma a zaure in zauna har rana ta take. Mai ɗakina ta leƙo wata rana ta ce, "Malam, halan kasuwar ce ta taso ta dawo zaure? In kawo maka tiyar nan?" Na ce ta bar ni, akwai abin da nake jira.

Ranar da Allah ya kawo dattijon mai kwalba, shi kaɗai ya zo a kan babur, da kularsa a ɗaure a baya. Famfonmu tun jiya bai ɗiga ba. Na yi shiru da wannan, na ce bari in ga yadda za a yi. Muka gaisa sosai. Ya buɗe kula ya ɗauko wata farar kwalba mai murfi, ya tsaya daga bakin ƙofar da take shiga cikin gida, ya kawar da kansa gefe kamar yadda kowane mai mutunci yake yi, ya ɗaga murya ya ce, "Salamu alaikum, masu gida, ga kwalba." Hannun mai ɗakina ya fito daga bayan labule ya karɓa.

Sai a lokacin abin da ya kamata in gane tun ranar farko ya faɗo mani. Famfona a tsakar gida yake, kusa da madafa. Namiji baƙo ba ya wuce zaure. Ashe tun da aka fara, mutumin nan bai taɓa ganin famfon da yake aunawa ba.

Ba a jima ba hannun ya sake fitowa da kwalbar a cike. Na yi sauri na karɓa kafin shi. Ruwa garai-garai, kamar hawaye. Kwalbar kuma da sanyi, har ta fara raɓa a tafin hannuna. Ruwan famfo a wannan zafi, wanda ya bi bututu a cikin rana, ɗumi gare shi kamar na wankan jego. Na miƙa masa. Ya karɓa, ya rubuta wani abu a jikinta, ya sa a kula, ya ce a gaida gida, ya tafi. Ban tsayar da shi ba, don ban san ko laifin gidana zan tona ba.

Na shiga ciki. Na tarar da ita tana rufe randa da faifai.

Na ce, "Ke, ina kika ɗebo ruwan da kika ba shi?"

Ta ce, "A randa mana. Ina zan ɗebo?"

"Kullum?"

"Kullum. Kai ka ce in sun zo a ba su ruwa."

Na ce, "Na famfo suke so! Famfon suke aunawa!"

Ta dube ni kamar na zautu. Ta ce, "Malam, baƙo ya zo har ƙofar gidanka ya miƙo kwalba, in zuba mashi ruwan da ni ko alwala ba na son yi da shi? Ya tahi ya nuna wa manya, a ce ga abin da matar wane take ba mutane? Kuma yau ina ruwan yake a famfon? In mayar mashi da kwalba wayam, in ce gidanmu babu ruwa?"

Da na zauna na saurare ta, sai na ga ita a wurinta duba-gari ne suka dawo. Tana yarinya ta ji yadda kakarta take ba da labarin masu bin gida-gida suna leƙa randa, in sun ga ƙwari ko dauɗa a kunyata matar gidan a gaban unguwa. Tun ranar da aka shafa fentin nan ta ɗauka tsabtarta ake aunawa. Saboda haka ta ware randa guda, tana wanke ta da toka, ta zuba ruwan burtsatse, ta jefa alam don datti ya kwanta, ta tace da sabon ƙyalle, ta rufe. Ko ni ba ta bari in sha daga wannan randar. Da aka ce unguwarmu tana sahun gaba, ita a ranta ta ji daɗi, ta ɗauka an yaba mata ne, kunya ce ta hana ta faɗa.

Da na gaya mata abin da randar ta jawo, cewa saboda ita aka tsallake mu a rabon bututu, sai ta zauna a kan turmi. Can ta ce, "Jikokin Iya ke nan." Na ce su ke nan. Ta share ido da bakin mayafi ta ce, "To shi da yake karɓa, hannunsa ba ya jin sanyi?"

Wannan tambayar tata ita ce ta hana ni sukuni har yau. Mutumin da aikinsa ke nan, yana riƙe kwalabe daga unguwa zuwa unguwa, zai kasa bambanta ruwan randa da na famfo? Yana shigowa lungun nan a kan babur, yana bin gefen kwatar, yana ganin bututun. Yana ganin yara da jarkoki suna neman ruwa ranar da ake miƙo masa kwalba a cike. Ban ce ya sani ba. Mai yiwuwa ne mutum ya yi ta yin abu har hannunsa ya daina gaya masa komai. Mai yiwuwa ne kuma kwalba mai kyau ta fi sauƙin kaiwa ofis, ba ta jawo tambaya, ba ta jawo a ce a koma a sake. Allah ne ya san wanne ne.

Na ci gaba da zaman zaure har ya sake dawowa. Wannan karon an yi sa'a, ana cikin kawo ruwa. Da ya ɗauko kwalba zai yi sallama, na tare shi na ce, "Malam, yau da kanka za ka shiga."

Ya ja da baya ya ce, "Subhanallahi. Gidan matan aure? Ai ba a yi haka ba."

Na ce, "Na sa sun shiga ɗaki sun rufe ƙofa. Ni mai gidan ni na yi maka izini."

Ya ce, "Ai ba sai an wahalar da iyali ba, Malam. Yadda aka saba ma ya isa."

Na ce, "Yadda aka saba ruwan randa ake ba ka."

Na zuba masa ido don in ga abin da fuskarsa za ta yi. Bai yi mamaki irin wanda na zata ba, bai kuma yi kamar wanda aka kama ba. Ya dai sosa gemu ya ce, "Ikon Allah." Sannan ya cire takalmi, ko da yake na ce ya bar su, ya bi ni yana kallon ƙasa yana ta sallama har muka isa famfon. Ya kunna, ya bar shi ya zuba na ɗan lokaci, ya ce haka ƙa'ida take. Ko bayan hakan ruwan bai washe ba. Ya tara kwalbar ya ɗaga ta sama. Launinta kamar an jiƙa kanwa. Ya kai hanci, ya kawar da kai.

Na ce, "Wannan shi ne ruwan unguwarmu."

Ya ce, "Za a kai." Ya sa ta a gefe guda cikin kular, nesa da sauran.

Na yi ta jira. Na gaya wa Iya ta ƙara haƙuri, gaskiya ta tafi ofis. Na gaya wa mutanen dakali abin da ya faru, aka yi ta dariyar randar da ta kai mu sahun gaba, telan nan ya ce a ba mai ɗakina shugabancin ruwan jihar gaba ɗaya. Mai unguwa kuwa bai yi dariya ba. Ya ja ni gefe ya ce, "Malam, na ba da sunanka don ka fitar da mu kunya, yanzu ka sa za a ce mun yi shekara muna yaudarar hukuma." Na ce ni bututu nake so a canza. Ya ce, "Kowa ma shi yake so," ya juya.

Abin da ya biyo baya ba masu haƙa ba ne. Mai fenti ne. Na dawo daga kasuwa na tarar an shafe shuɗin da'irar bangona da farin fenti. Na bi lungu ina dubawa, sai na gan ta sabuwa a bakin titi, a jikin katangar Alhajin nan mai burtsatse, saman wani famfo da ya fitar waje don masu wucewa su yi alwala.

Bayan kwanaki sai ga dattijon mai kwalba a rumfata ya zo sayen gero. Ban san ko da gangan ya zo wurina ba, ko hanya ce ta biyo da shi. Na tambaye shi labarin kwalbata. Ya ce an auna, ba ta yi kyau ba. Amma da aka ajiye ta kusa da duk waɗanda aka karɓa daga gidana a baya, sai aka ga ita kaɗai ce ta fita daban, aka ce ƙila kwalbar ce ba ta wanku ba. Na ce ai na baya duk na randa ne, na gaya maka. Ya ce ya faɗa, shi ya sa aka ce famfon cikin gida ba shi da tabbas, a koma wanda yake waje, inda ma'aikaci zai ɗiba da hannunsa. Na ce bututun fa? Ya ce na wannan zagayen an riga an raba, sai dai a ga abin da sabon famfon zai nuna.

Yana wannan magana yana duba geron. Na lura bai ɗebi na bakin buhu ba. Ya naɗe hannun riga ya cusa hannunsa har gwiwar hannu, ya damƙo na tsakiya ya baza a tafinsa. Na auna masa, na cika masa tiya har tana zuba, ya tafi.

Maganar komawa famfon waje, in an bi ta a hankali, daidai ce, ni ma da haka zan ce a yi. Abin da yake damuna shi ne wannan famfon da aka zaɓa. Bututunsa cikin katanga ya shige, ba na ganin inda ya nufa. A saman gidan akwai babban tanki. Na sha zuwa in murɗa shi ranar da duk lungunmu a bushe yake, in ga ya kawo ruwa da ƙarfi, fari tas. Na tambayi Alhajin bayan sallar Magariba, cikin ladabi, ko famfon nan na gwamnati ne ko daga tankinsa yake. Ya yi dariya ya dafa kafaɗata ya ce, "Malam, kai dai ba ka gajiya. Da can na gwamnati ne, da aka yi mani aikin tanki kuma ban san yadda mai gyaran ya haɗa su ba. Ka sha kawai, sadaka ce." Mai gyaran kuwa an ce ya bar gari.

To ga inda muke. Bututunmu yana nan kwance a kwata. An ƙara masa ɗauri biyu da roba tun daga lokacin. Mai ɗakina ta mayar da randar nan gidan Iya, kullum tana aika mata da abin da ya samu na ruwan sha, amma gida guda ne wannan a cikin lungu guda. Dattijon yana zuwa yana ɗiban ruwa da hannunsa a famfon Alhaji, in mun haɗu mu gaisa. An ce za a sake jera unguwanni, kuma ina jin tsoron a sake tafa wa mai unguwarmu.

Shi ya sa na daure na rubuta, don in roƙi masu karatu abin da ni ban sani ba. Wanda ya san yadda ake gane ko famfo daga bututun gwamnati yake sha ko daga tanki, ba tare da an fasa katangar mutum ba, ya taimaka ya bayyana. Wanda ya san ko talaka yana iya ɗaukar ruwan gidansa da kansa ya kai a auna, a kuma karɓi sakamakon a sa shi cikin lissafin unguwa, ya faɗa mani ƙofar da ake bi. Sannan duk wanda aka shafa wa shuɗin fenti a bangon zaurensa, a kowace unguwa yake a garin nan, ina roƙonsa ya shiga ciki yau ya tambayi iyalinsa a hankali, ba da faɗa ba, daga ina ake cika kwalbar. Abin da aka gaya masa ya aiko ta hannun waɗanda suka buga wannan rubutu, zai iso gare ni. Ina so in san ko gidana ne kaɗai.